Motar da Tela Ta Auna

Daga:
Tsohon Akawun Kotu, mai ritaya,
A madadin ƙanwarsa, Tela, mai shago na huɗu a layin masu ɗinki.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Masu Sayar da Motoci,
kuma Shugaban Kwamitin Ladabtarwa,
Hawa na Biyu, Sakatariyar Ƙungiya.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, 2024.

GAME DA: MUSANYA MOTAR DA AKA ZAƁA, AKA AUNA, AKA BIYA, DA WATA DABAN, A FILIN WANI ƊAN ƘUNGIYARKA, TARE DA CIN MUTUNCIN MAI SAYE

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, ina fatan Mai Girma yana cikin ƙoshin lafiya, shi da iyalinsa. Gidan da wannan takarda ta fito babu lafiya, kuma wani ɗan ƙungiyarka yana da hannu a ciki.

Ni wan mai ƙorafi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na yi shekara talatin da ɗaya ina rubuta bayanan masu ƙara a kotu, saboda haka na san bambancin abin da aka gani da abin da aka ji. Ita ta roƙe ni in riƙe mata alƙalami, don ta ce idan ta rubuta da kanta, abin da zai fito ba irin wanda ake sa wa a fayil ba ne. Na yi mata alkawarin zan rubuta da ladabi, kuma zan yi iya ƙoƙarina.

Wannan ce takarda ta uku. An kai ta farko ranar 24 ga Oktoba, ta biyu ranar 29 ga Oktoba. Duka biyun an karɓa, an buga musu hatimi, daga nan shiru kake ji. Tunda gajerun ba su yi aiki ba, wannan za ta yi tsawo, kuma ina roƙon Mai Girma ya daure ya karanta ta har ƙasa.

1. Mai ƙorafi tela ce. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana kan keken ɗinki, kuma duk layin sun san ba ta taɓa sa almakashi a yadin mutum ba sai ta auna sau biyu. Mijinta shi ne wanda kowa yake kira Direba, har 'ya'yansa, domin shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa bas ɗin ma'aikatan wata masaƙa, bai taɓa ko goge wa wani fenti ba. A bara ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Bayan wata biyar ƙodarsa ta gaza. Yanzu kowace Litinin da Alhamis sai an kai shi asibiti wankin ƙoda, ƙarfe takwas na safe, kuma likita ya faɗa a fili cewa wannan wankin ba a yi masa fashi.

Kowace tafiya sai an tare tasi. Sai an nemo maza biyu, ɗaya ya kama hammata, ɗaya ya kama cinya, a ɗaga shi daga kekensa na marasa lafiya a tura shi ciki, mai tasi yana duba agogo yana tsaki, keken kuma a ɗaure shi da igiya a baya. Direba bai taɓa yin ƙorafi ba. Shiru kawai yake yi, wuni guda ba ya kula kowa, abinci ma sai an yi da gaske. Matarsa ta san wannan shirun, ta kuma san yana cin sa fiye da ciwon. Shi ya sa tana da shekara arba'in da tara ta koyi tuƙi, shi yana zaune a bakin ƙofa yana ɗaga mata murya kan ta daina taka birki kamar tana taka keken ɗinki. Ta sami lasisi a watan Agusta, daga nan ta ɗaura niyyar sayen mota.

2. Ina roƙon Mai Girma ya lura da yadda aka zaɓi motar, domin a nan duk maganar take. Shawara babu irin wadda ba a ba ta ba. Babbar 'yarsu ta ce a sayi sabuwa dal, kada a sayi wahalar wani. Mai ƙorafi ta shiga wurin masu sababbin, ta ji farashi, ta yi musu sai an jima. Ni na ce a sayi mai tudu saboda ramukan hanya. Maƙwabci ya ce ƙarama wadda ba ta shan mai. Direba ya bar kowa ya gama surutunsa, sannan ya yanke hukunci: salun matsakaiciya mai ƙofa huɗu, ta hannu, amma mai lafiyayyen inji. Mai tudu ba zai iya hawa ba, ƙarama kuma kekensa ba zai shiga ba.

Sharuɗɗan mai ƙorafi uku ne, kuma babu launi a cikinsu, babu rediyo, babu ƙyale-ƙyale. Na ɗaya, tsayin kujerar gaba daga ƙasa ya zo daidai da na keken Direba, wato inci ashirin, don ya iya zamewa daga wannan zuwa waccan da ƙarfin hannunsa. Na biyu, ƙofar gaba ta buɗe aƙalla inci talatin da uku, don keken ya matso har jikin kujera. Na uku, bakin but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, ya kai inci talatin da bakwai, don keken ya shiga a naɗe, murfi ya rufe, ita kaɗai ta sa shi ba tare da ta roƙi kowa ba.

Mako uku tana rufe shago da rana tsaka, tef ɗin awo a wuya, tana bin filayen motoci ɗaya bayan ɗaya. Fili goma sha ɗaya ta shiga. Dillalai suna yi mata dariya, wasu suna tambayar ko riga za ta ɗinka wa motar. Ta bar su da dariyarsu ta ci gaba da awonta. A cikin mota fiye da arba'in, ɗaya ce tak ta cika sharuɗɗan uku.

3. Ranar Asabar, 5 ga Oktoba, ta sami wannan mota a filin ɗan ƙungiyarka mai lamba 46 a rajista, wanda yake bayan babban gidan mai. A nan zan kira mai wurin Mai Fili; cikakken sunansa yana kan risit. Dillalin da ya tare ta shi ne wanda abokan aikinsa suke kira Ɗan Kwalisa, mai farin takalmi da turare da daɗin baki. Motar ruwan toka ce. Aibu ɗaya mai ƙorafi ta gani a jikinta, wanda sai idon tela: a kujerar baya, gefen hagu, yadin ya taɓa yagewa tsawon ɗan yatsa, wani ya ɗinke shi da baƙin zare a kan yadi mai ruwan toka, ɗinki irin na wanda bai taɓa riƙe allura ba. Ta nuna wa Ɗan Kwalisa, ta ce ba komai, za ta warware ta gyara da kanta. Ranar Talata, 8 ga Oktoba, bakaniken da ya saba yi wa Direba aiki ya duba inji da giya da birki, ya ce babu laifi.

4. Ranar Asabar, 12 ga Oktoba, aka kawo Direba filin a tasi don ya gwada. Ina wurin. Aka tura kekensa zuwa ƙofar gaba. Ni da mai tasin muka sunkuya za mu ɗaga shi kamar kullum, sai ya ɗaga mana hannu. Ya dafa kujera da hagu, ya kama maƙalin da ke saman ƙofa da dama, ya zame ya zauna, ya jawo ƙafarsa ciki, ya ja ƙofar ya rufe da kansa. Wata goma sha huɗu rabonsa da shiga mota babu hannun kowa a jikinsa. Ya buɗe ƙofar ya sake rufewa har sau uku yana sauraren ƙararta, sannan ya ce da matarsa, "Wannan ce." Ƙanwata ta juya baya tana gyara mayafin da ba ya buƙatar gyara.

Ɗan Kwalisa yana tsaye. Har tafi ya yi, baki har kunne, yana cewa Allah ne ya ajiye musu motar. Ina so a rubuta wannan a fayil: ya ga abin da motar nan take a wurin mutanen nan da idonsa, ba zai ce bai sani ba.

Mai ƙorafi ta naɗe keken ta sa a but ita kaɗai, murfi ya rufe. Sannan ta yi abin da kowane tela yake yi. Idan aka kawo wa tela yadi, yakan juya bayansa ya rubuta mai shi da awonsa da alli, don kada kayan wani su haɗu da na wani. Ta ɗaga kafet ɗin but, ta ɗaga katakon da ke rufe safaya taya, ta yi rubutu a bayansa da shuɗin allin da ba ya rabuwa da jakarta. Babu wanda ya lura sai ni. Na yi mata dariya, na ce mota ba yadin mutane ba ce, takarda ake riƙewa.

5. A nan dole in rubuta laifina, domin ban saba ɓoye abin da ya shiga bayani ba. Aka shiga ofishin Mai Fili, aka biya kuɗin motar cif, aka ba da risit. Ɗan Kwalisa ya kawo takardar yarjejeniya. An cika sunan kamfani da launi da yawan ƙofa, amma gurbin lambar jikin mota da gurbin shekarar ƙira babu komai a cikinsu. Ya ce sakatarensu ne yake cike waɗannan idan ya zo ranar Litinin, tare da takardun rajista da sabuwar lamba, don haka a bar motar kwana huɗu, su wanke ta su kawo har gida. Ƙanwata ta dube ni, don ni ne mai takardu a gidanmu. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina gargaɗin mutane kada su sa hannu a takarda mai gurbi, na ce mata ba komai, 'yan ƙungiya ne, ga takardar shaidar ƙungiya can a bango da sa hannun Mai Girma. Ta sa hannu, na sa nawa a matsayin shaida. Abin yana cin zuciyata har yau, amma sakacina ba zai wanke su ba.

6. Ranar Laraba, 16 ga Oktoba, da la'asar, Ɗan Kwalisa ya kawo mota ƙofar gida a lokacin da ya san mai ƙorafi tana shago. Ya miƙa wa 'yarsu maƙulli da ambulan ɗin takardu, ko ruwa bai tsaya sha ba. Ruwan toka ce, kamfani ɗaya, suna ɗaya, an wanke ta tana ƙyalli. Mai ƙorafi ta dawo a gajiye, ta gan ta, ta yi hamdala, ba ta sa mata tef ba. Me zai sa ta auna abin da ta riga ta auna?

Washegari Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe, Direba ya sa farar rigarsa ta aiki da ya daɗe bai sa ba. Maƙwabta suka fito taya murna. Matarsa ta buɗe ƙofar baya ta ajiye jaka ta rufe, shi kuwa da jin ƙarar ƙofar ya ce, "Ba ita ba ce." Aka ce masa ɗoki ne. Ya bar maganar don kada ya ɓata mata ranar. Ƙofar gaba ba ta buɗe yadda ta buɗe ranar Asabar ba, keken bai matso jikin kujera ba, tazara ta rage. Ya dafa, ya zame kamar yadda ya yi a fili, amma kujerar ta fi waccan ƙasa. Hannunsa ya goce. Ya faɗi tsakanin keke da mota, dungulmin ƙafarsa ya bugi ƙarfen bakin ƙofa, a gaban maƙwabta da matansu da 'ya'yansa. Maza huɗu suka ɗago shi daga ƙasa, farar rigar duk ta ɓaci. Keken kuma ya ƙi shiga but ta kowane gefe aka juya shi. A ƙarshe tasi aka tare.

Da mai ƙorafi ta dawo daga asibiti ta ɗauko tef. Kujera inci goma sha bakwai, ƙofa talatin, bakin but talatin da huɗu. Babu baƙin zare a kujerar baya. Ta ɗaga katakon safaya, babu alli, babu ko alamar an goge. Takardun da ke ambulan kuwa an cike gurabensu da lambar wannan motar da shekararta, ƙirar da ta girmi waccan da shekara biyu, a saman sa hannunta da nawa.

7. Mun koma filin sau uku: Juma'a 18, Asabar 19, da Talata 22 ga Oktoba. Ɗan Kwalisa, wanda mako guda baya yake kiranta Hajiyata yana buɗe mata ƙofa, ya dube ta sama da ƙasa kamar bai taɓa ganinta ba. Ga kalamansa kamar yadda na rubuta su nan take a littafina. Da farko ya ce, "Mota ɗaya ce, idonki ne. Jiya-jiya kika koyi tuƙi, yau za ki koya mana sana'a?" Da ta nuna masa awon, ya ce, "Tef ɗinki ne ya miƙe." Da aka yi maganar keken, ya ce, "Ku sayi ƙarami mana, ko ku ɗaure shi a sama. Mara lafiya ai ɗaukarsa ake yi, mene ne abin kunya?" Abokansa suna gefe suna ƙyaƙyatawa. Ƙanwata ba mai zagi ba ce, ban taɓa jin ashar a bakinta ba. Abin da ta ce masa shi ne, "A nan ka tsaya da farin takalminka ka yi masa tafi. Wallahi ban yafe ba."

Mai Fili kuwa, zuwanmu biyu na farko an ce ba ya nan, alhali muna jin dariyarsa ta taga. Ranar 22 ya fito yana sakace haƙori. Shi bai ma wahalar da kansa da ƙarya ba. Ya ce al'adar kasuwa ce: muddin mota ba ta fita ƙofar fili ba, mai saye irin motar ya saya, ba motar ba. Idan wani babba ya zo ya nuna wadda yake so, sai a ba shi, a nemo wa na farko 'yar'uwarta. Ya ce kowa a ƙungiya haka yake yi, kuma takarda tana hannunsa da sa hannunmu, mu je duk inda za mu. Mai ƙorafi ta tambaye shi, idan matarsa ta kawo mata yadi, ta ɗinka wa wata, ta ba matarsa mai kama da shi wanda bai ma isa rufe mata jiki ba, shi ma zai kira shi al'ada? Ya ce a fitar da mu. Mai gadi ya rako mu har titi.

Ina tambayar Mai Girma cikin girmamawa: a wane shafi na kundin ƙungiya aka rubuta wannan al'ada? Kundin duka shafi goma sha takwas ne, na karanta su daga farko har ƙarshe sau biyu ban gan ta ba. A inda na yi aiki akwai sunan da ake kiran irin wannan, amma na yi alkawarin ladabi.

8. Bakaniken da ya duba motar ya zo gida ya buɗe injin wadda aka kawo, ya ce ba wannan ya duba ba. Ya kuma ce ranar Litinin, 14 ga Oktoba, yana filin a kan wani aiki ya ga an fito da waccan an bi wani babba da ita. Ya ƙi faɗin ko wane ne, ya ƙi sa hannu a kan maganarsa, ya ce abincinsa a filayen nan yake. Ban ga laifinsa sosai ba. Laifin ƙungiyar da shaida yake jin tsoronta na gani.

9. Kada Mai Girma ya ɗauka ba a gwada maneji ba. An ɗora filo a kujera, ya zame. An gwada katako, ƙofar ba ta bar keken ya matso ba. Aka koma tasi ranar 21 da 24 da 28 ga Oktoba. Ranar 28, a bakin ƙofar asibiti, mai tasin yana sauri, ya kama Direba ta ƙugun wando ya fizgo shi, wandon ya zame a gaban jama'a. Da suka dawo gida ya ce da matarsa, "Na gama. Kada wanda ya sake ɗaga ni."

Jiya Alhamis, 31 ga Oktoba, bai je wanki ba. Roƙo babu irin wanda ba a yi masa ba. Matarsa ta yi, 'ya'yansa sun yi da kuka, ni na yi har na durƙusa, ya juya fuska bango. Yau da safe fuskarsa ta kumbura, ƙafar da ta rage masa ta kumbura, idan ya kwanta numfashinsa sama-sama yake. Likitansa ya ce idan ya rasa wankin Litinin, 4 ga Nuwamba, kada a tambaye shi abin da zai biyo baya. Mai Girma yana iya cewa taurin kai ne, kuma wataƙila haka ne. Amma an nuna wa mutumin nan ƙofar da zai shiga da kansa, ya shiga, ya rufe, sannan aka ɗauke ta aka bar shi a ƙasa. Ya ce a waccan motar zai je, da hannunsa. Shekara talatin na san surukina, ba ya magana biyu, kuma tsoro nake ji.

10. Jiya, bayan ya ƙi tafiya, mai ƙorafi ta bar shi da 'yarsu ta zo sakatariya da ƙarfe goma sha ɗaya don ta ji labarin takardunmu. Sakataren ƙungiya ya ce Mai Girma yana taro, kamar yadda ya ce ranar 24 yana tafiya, ranar 29 kuma bai iso ba. Ta sauko. A harabar, ƙarƙashin rumfar da aka rubuta SHUGABA da farin fenti, ga salun ruwan toka da sabuwar lamba. Ta leƙa ta gilashin baya. Gefen hagu, tsawon ɗan yatsa, ga baƙin zare nan. Ta cire tef daga wuyanta ta ɗora a bakin but daga waje, talatin da bakwai. Mai gadi ya daka mata tsawa, ya ce motar uwargidan Shugaba ce, mako biyu ke nan da aka kawo ta, Shugaba yana hawanta ne kafin tasa ta fito daga gareji, ta matsa kada ta goge fenti.

Ban ce Mai Girma ya san tarihin motar da yake hawa ba. Akawun kotu ba ya rubuta abin da bai gani ba. Mai yiwuwa nuna ta kawai ka yi da yatsa, aka ce maka babu mai ita. Mai yiwuwa kuma takardunmu biyu ba su taɓa hawa teburinka ba. Daga yau dai ba za a sake cewa haka ba, domin wannan da hannuna zan miƙa ta, kuma zan zauna a bencin ƙofarka har ka karanta.

ABIN DA AKE ROƘO

Bisa ga abin da ya gabata, mai ƙorafi tana roƙon Mai Girma kamar haka:

(a) Ya sauko da kansa, matakala ashirin da biyu ce, ya buɗe but ɗin motar, ya ɗaga kafet, ya juya katakon safaya. Wannan ba ya buƙatar kwamiti ko ranar zama.

(b) Idan ya ga abin da muka ce, a kai motar ƙofar gidan Direba kafin ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, 4 ga Nuwamba, da takardu masu ɗauke da lambarta ta gaskiya. A ɗauke wadda aka kawo, tana nan inda aka ajiye ta, ko man cikinta bai ragu ba. Kada a aiko Ɗan Kwalisa. Ba ma so ya sake taka ƙofar gidan.

(c) Kada a yi mana maganar mayar da kuɗi, ko wata mota wai wadda ta fi kyau. Mako uku aka yi kafin a sami wannan, Direba kuwa kwana uku gare shi.

(d) A gurfanar da Mai Fili da Ɗan Kwalisa gaban Kwamitin Ladabtarwa, kuma tunda motar tana ƙarƙashin rumfar Mai Girma, mataimakinsa ya jagoranci zaman.

(e) A hana 'yan ƙungiya ba wa mai saye takarda mai gurbi, a kuma sanar da su a rubuce cewa wanda ya zaɓi mota, motar ya zaɓa.

Idan Litinin ta wuce ba a yi komai ba, kwafin wannan takarda yana shirye, kuma ban manta ƙofar da ake shiga da shi a kotu ba. Sai dai na fi kowa sanin kotu takan ɗauki watanni, ƙoda kuwa ba ta jiran ranar zama. Shi ya sa na zo wurinka da hulata a hannu, ba don ina so ba.

Don kada a ce bayan an buɗe muka ƙirƙira, ga abin da Mai Girma zai gani a bayan katakon, da shuɗin alli, da karkataccen rubutun tela: Na Direba. 20. 33. 37. Idan wani ya riga ka sauka ya goge, alli yana barin alama a katako, kuma wanda ya goge ya san abin da ya goge.

Na karanta wa mai ƙorafi takardar nan daga farko har ƙarshe a bakin gadon mijinta. Ta ce ta yi ladabi da yawa, amma ta amince. Abu ɗaya ta ce in ƙara: kada kowa ya taɓa baƙin zaren nan na kujerar baya, ita ta ce za ta gyara shi.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya bar shi da ƙafafunsa biyu.

Naka cikin biyayya, da duk ladabin da ya rage mini,

(sa hannu)
Tsohon Akawun Kotu, wan mai ƙorafi

(sa hannu)
Tela, mai ƙorafi, matar Direba

Haɗe da wannan takarda:
i. Kwafin risit da takardar yarjejeniya.
ii. Kwafin takardu biyu na baya, da hatimin sakatariya.
iii. Takardar likita, mai kwanan watan yau.
iv. Guntun shuɗin allin da aka yi rubutun da shi, a naɗe cikin ƙyalle, don Mai Girma ya gwada da abin da zai gani.